Sakatar Bindigar Mijin Yayata

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma, kuma mijin yayata ya riga mu tafiya. Ranar Talata da hantsi ya faɗi a garejin gidansa da ke unguwar Glenwood. Ranar Laraba bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Mutanenmu na nan garin Greensboro Baba Maharbi suke ce masa. Ni Malam nake ce masa, tun ina yaro, tun lokacin da yake zuwa zance wurin Yaya.

Gidan ƙarami ne, bai ɗauki jama'a ba. Takalma sun cika baranda har matakala. Motoci sun jeru har ƙofar ɗaliban da ke haya a ƙarshen layi, su ma suka fito suna kallo. Mata a falo, maza a bayan gida kan tabarmi da kujerun roba.

Hajiya 'yar Kumasi, wadda ke dafa mana abincin suna da na biki, ta shigo tana kuka tun daga ƙofa. "Yanzu wa zai ƙwanƙwasa mini ƙofa da leda a hannu? Mutumin nan ya yi mana ƙoƙari paa. Shekarar da maigidana ya rasu cinya guda ya kawo mini. Na ce ta yi yawa, ya ce in ban karɓa ba karen maƙwabta zai ba."

Wani direban tasi mutumin Maraɗi ya ce, "Bon, ni dai kilishin da na ci a gidan nan, ko a gida ban ci irinsa ba." Sai kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya jiƙansa.

Wani likita ɗan Kano mai gida a unguwar masu hali ta Irving Park ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Ya ce lokacin sanyinsa na farko a ƙasar nan yana ɗalibi, bai san kowa ba, wata biyu bai ci nama ba don bai san inda ake samun na halal ba. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Kai, wannan wuyan naka na mai cin biredi ne, biyo ni."

Har tsohon Baturen da Malam ke farauta a gonarsa ya zo. Bai san yadda ake yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya ƙi zama. Ya ce da Turanci, duk shekarun nan Malam bai taɓa barin masa ƙofar shinge a buɗe ba ko sau ɗaya.

Kowa ya faɗi nasa. Ni ban ce komai ba. Mutane sun saba da shiruna, suka ɗauka dauriya ce. Ba dauriya ba ce. A bayan motata, ƙarƙashin tayar safaya, akwai wani ƙarfe naɗe cikin safa. Sakatar bindigarsa ce, ƙarfen da ake ja baya a tura gaba ya ɗauki harsashi ya kulle. In babu ita bindiga sanda ce. Ni na ɗauke ta, fiye da shekara guda kafin rasuwarsa. Ya tambaye ni, na yi masa ƙarya. Ban mayar ba, ban nemi gafararsa ba, har ya mutu.

Ban yi makaranta ba. Rubutun da na iya a tasha na koya. Amma ina so a san wane ne shi, kuma ina so a san abin da na yi.

Malam ɗan maharba ne ta wajen uba, jikan maƙera ta wajen uwa. Ya taso da bindigar toka a hannu, a wani ƙauye bakin daji. Da ya zo ƙasar nan gyaran injuna ya kama a wani kamfanin kujeru, har ya ajiye aiki. Da gyaran tarakta ya saba da tsohon Baturen nan, shi kuma ya ba shi izinin shiga dajin gonarsa. Duk shekara in ganye ya zube, lokacin farautar barewa ya kama, zai sabunta lasisinsa, ya ɗauko rigar nan mai ruwan lemo da doka ta ce a sa. Yana ƙin rigar. Yakan ce, "A garinmu maharbi ɓuya yake. Nan kuwa sai ka yi shigar ɗan kwangilar titi." Amma bai taɓa fita babu ita ba.

Yana da ka'ida a rabon nama. Matan da mazansu suka rasu su ne farko. Sai ɗalibai. Sai masu jego. Gidansa na ƙarshe. Yaya ta sha yin faɗa a kan haka. "Ni na wanke jini, ni na yi wa firiza wuri, a ƙarshe haƙarƙari ne rabona." Shi kuwa sai ya ce, "Matar maharbi romo take sha, ba a gaya miki ba kafin ki yarda?"

Wani saurayi da ya dawo daga karatu ya taɓa tare shi a masallaci, ya ce naman nan akwai shakka a kansa. Malam ya saurare shi har ya gama. Ya ce, "Ina yin bisimilla kafin in taɓa kunamar bindiga. In na same ta da rai in yanka. Ubana haka ya yi, malamin ubana haka ya ce. Kai kuma wannan kazar ta kanti da kake ci, kun gaisa da wanda ya yanka ta?" Aka yi dariya. Da yamma ya aika wa saurayin da kafaɗa guda.

Maganarsa da ya fi maimaitawa ita ce, "Dabba ba ta ci maka komai ba. In za ka ɗauki ranta, ɗauka sau ɗaya." Ba ya harbi sai ya tabbata. Na sha ganin barewa ta wuce gabansa ya ƙyale ta, don reshe ya tare ko ta juya masa baya. Yakan ce wadda ka raunata ta gudu, tana nan tana jiranka ranar hisabi.

Shi ya kawo ni ƙasar nan. Wani rikici a gida ya ci shagona, ya ci ran matata. Ba zan faɗi fiye da haka ba. Na iso ba na magana, ba na cin abinci sai an matsa. Mutane suna zuwa suna yi mini nasiha, ni kuwa kamar ana zuba ruwa a kan dutse. Malam bai yi mini nasiha ba ko sau ɗaya. Wata Asabar bayan asuba ya jefo mini rigar lemo ya ce, "Tashi, Sarkin Magana, ka raka ni." Muka zauna gindin wata bishiya tun fitowar rana har azahar. Bai ce uffan ba. Ba mu ga ko zomo ba. A hanyar dawowa ya ce, "Ka ga amfanin daji? Ba ya tambayar mutum yaya ya ji."

Daga ranar na zama mai raka shi. Ba na harbi, ban taɓa so ba. Ina jan abin da ya harbo, ina riƙe ƙafa in yana fiɗa. Sunan nan kuwa ya bi ni. Ƙanin mata abokin wasa ne, kuma Malam bai taɓa barin haƙƙinsa na wasa ba. In na shigo gidan zai ce, "Ku yi shiru, Sarkin Magana ya iso, yau kunnuwanmu sun shiga uku." Shi kaɗai ke sa ni dariya a duniyar nan.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi. Ba a taɓa bindigarsa. Ko Yaya ba ta share kusa da akwatin ƙarfen da yake kulle ta. Ya ce a gidan maharba ko ɗan cikinka ba ya ɗaukar makaminka sai ka miƙa masa da hannunka. Duk shekarun da na yi ina bin sa, bai taɓa miƙa mini ba, ni ma ban taɓa kai hannu ba.

Shekara biyu kafin rasuwarsa muka fita kamar kullum. Wani babban namijin barewa ya fito fili, ya tsaya a gicciye, kusa ƙwarai. Irin harbin da Malam ke yi ido rufe. Ina bayansa. Na ji ya yi bisimilla. Na kuma ga bakin bindigar yana rawa, kaɗan, kamar reshen da tsuntsu ya tashi daga kai. Ya harba. Dabbar ta yi tsalle ta faɗa cikin kurmi da ƙafa uku.

Muka bi jini tun hantsi har la'asar. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu yana rarrafe cikin ƙaya yana duba ganye. Jinin ya kai mu wani shingen waya, ya tsallaka. Bayan shingen gonar wani ce, an kafa allo an hana shiga. Tsohon Baturen ya kira mai gonar a waya, bai ɗauka ba. Malam ya riƙe wayar shingen da hannu biyu ya daɗe yana kallon cikin itatuwa.

Ya ce, "A garinmu da na bi ta har gobe."

Na ce, "Mu tafi, Malam."

A mota ya ce, "Harsashin ne. Ya yi ƙanƙanta. Da mai nauyi ne da nan take ta faɗi."

Na san ba harsashin ba ne. Na ga abin da na gani. Na yi shiru. Wannan shi ne shiruna na farko da ya zama laifi.

Daga nan aikin ya fara. Ya kai bindigar wurin mai gyaran bindigogi mai lasisi, aka canza mata bututu zuwa na harsashi mafi girma. Da ta dawo sai ga matsala. Sabon harsashin ya fi tsohon tsawo da kauri, ba ya hawa daga gidansa zuwa cikin bututu. In ka tura sakata sai ya cije a hanya, ko ya ɗaga kai ya tsaya. Mai gyaran ya ce a bar masa ita ya ƙarasa. Malam ya ƙi. Ya ce bututu aikin inji ne, ya yarda, amma hanyar harsashi aikin hannu ne, kuma jikan maƙera ba ya kai wa wani aikin magagari.

Ya share teburin gareji. Ya jera magagarai ƙanana kamar kayan wanzami. Mai gyaran ya ba shi harsasai uku na gwaji, marasa albarushi, ba sa tashi. Kullum bayan ya karya kumallo zai shiga, ya goga kaɗan, ya share, ya gwada. Ya goga kaɗan, ya share, ya gwada. Ya ce ƙarfen da ka cire ba ya dawowa, don haka gara a yi wata ana shafa da a yi minti ana yanka.

Da kunne yake aikin. Ya ce mini, "Saurara. Ka ji? Tari take. Bindiga mai lafiya ba ta tari. Ranar da ta gyaru za ka ji ta haɗiye shi kamar loma da miyar kuɓewa."

Na ce, "To."

Ya ce, "Kai, wannan dogon jawabi haka? Bari in samo maka ruwa."

Hannun kuwa yana ƙaruwa. Shayi ya fara zuba a rigarsa. Ya daina sa riga mai maɓalli. 'Yarsu, wadda ke aikin jinya, ta kai shi asibiti, aka faɗi sunan ciwon, aka ba shi magani. Likita ya ce ya bar tuƙi mai nisa, ya bar bindiga. Malam ya ce likitan bai taɓa cin naman daji ba shi ya sa.

Wata Juma'a Yaya ta kira ni kicin ta rufe ƙofa. Ita ta goye ni bayan mahaifiyarmu ta rasu, ban taɓa ce mata a'a ba.

Ta ce, "Ya kusa gamawa. Jiya na ji yana cewa saura kaɗan. In ta gyaru zai shiga daji, ko da kai ko babu kai. Zai harbi kansa, ko ya harbi ɗan wani. Ka san inda muke. In ya sami ɗan mutane, wa zai saurare mu?"

Na ce, "Ki gaya masa."

"Na gaya masa. 'Yarsa ta gaya masa har da kuka. Kai kaɗai yake ji, kai kuma ba ka magana."

Gaskiya ta faɗa. Da na zauna da shi na ce, Malam, na ga hannunka ranar nan, ba harsashi ba ne, da wataƙila ya zage ni, da wataƙila ya ji. Ban iya ba. Mutumin da ya zauna da ni gindin bishiya bai tambaye ni komai ba, ban iya kallon idonsa in ce masa ya ƙare ba. Sai na zaɓi abin da ya fi sauƙi. Yana masallaci, Yaya ta ba ni makullin gareji. Bindigar tana kan tebur, sakatar a gefe kan tsumma. Na sa ta cikin safa na fita.

Washegari na je gidan kamar ban san komai ba. Yana zaune a gareji, hannuwansa a kan gwiwa.

Ya ce, "Sarkin Magana, ka ga sakatata?"

Na ce, "Ban gani ba."

Ya dube ni. Ba da fushi ba. Irin kallon da yake wa sawu a ƙasa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "To."

Rigimarmu ke nan gaba ɗayanta. Babu zagi, babu ɗaga murya. Amma daga ranar bai sake ce mini Sarkin Magana ba. Ya koma ce mini Alhaji, ni da ban taɓa zuwa Makka ba. "Sannu da zuwa, Alhaji. A kawo wa Alhaji kujera." Kamar baƙon da ya zo daga wani gari. Na sha duka a rayuwata, na kwana a wuraren da ba a faɗa. Babu abin da ya ci ni kamar Alhajin nan.

'Yarsa, da ba ta san komai ba, ta ji tausayinsa har ta manta da maganar likita. Ta ce ai ana iya sayo wata a kai wa mai gyara ya daidaita. Ya ce a'a. "Ba ƙarfe na rasa ba. Wanda ya ɗauka zai kawo."

Na ɗauka zai bar aikin. Bai bari ba. Babu sakata babu yadda za a gwada, amma ya ci gaba. Da babban yatsansa yake tura harsashin gwajin, yana lalube, yana jin inda ya cije. Ya goga, ya share, ya tura da yatsa. Hannu na rawa, sai ya danne wuyan hannun dama da na hagu. In na leƙa zai ce, "Alhaji, shigo mana," ya ci gaba da abin da yake yi. Ni kuwa in tsaya, sakatar tana cikin motata taku ashirin daga inda yake zaune.

Ganye ya zube, lokacin farauta ya zo ya wuce. Shekarar babu wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa. Mutane suna tambayarsa a masallaci, "Baba, bana shiru?" Sai ya ce, "Bindiga ce ba lafiya." Bai taɓa cewa an ɗauke masa wani abu ba. Bai kai ƙarata wurin kowa ba.

Sau uku na yi niyyar mayarwa. Na farko na iso har ƙofar gida da safar a aljihu, na hango shi ta taga yana ƙoƙarin kai cokali baki, Yaya ta juya kai kamar ba ta gani ba. Na koma mota. Na biyu ranar ƙaramar Salla, da ake yafe wa juna. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, a yafe mu." Irin wadda kowa ke cewa. Ya ce, "Me ka yi mini, Alhaji?" Ya jira. Ƙofa ce ya buɗe mini. Na ce, "Ba komai." Ya ce, "To, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Na uku babu ma abin faɗa. Na ajiye mota a layinsu, na zauna, na tayar na tafi.

Kullum lissafina ɗaya. In na mayar, zai shiga daji, abin da Yaya ke tsoro ya faru, ni na jawo. In na riƙe, ina kashe shi a zaune. Na ce bari in jira hannun ya ƙara lalacewa yadda ko ya samu ba zai iya fita ba, sannan in kai masa in faɗi gaskiya. Wato ina jiran ciwonsa ya yi mini aiki. Haka nake, ba zan gyara ba.

Duk da haka, da Yaya ta kwashe firiza ta sami ƙullin nama na ƙarshe, na barewar da ya harba kafin waccan, sai ya ce a kai mini. Ta ce, "Ai na gidan ne." Ya ce, "Shi ma gwauro ne, yana cikin layin farko." Yana nan a firizata har yau. Na kasa ci, na kasa bayarwa.

Ranar Talatar ina wurin aiki Yaya ta kira. Ta ce ta kai masa shayi gareji ta same shi a ƙasa. Kafin in iso asibiti an rufe masa fuska.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na kama hannunsa na dama, ya daina rawa. Babban yatsan ya yi kanta, ya tsage a baki, tsagar ta warke ta sake tsagewa, baƙin mai ya shiga ciki ya zauna. Na wanke, na wanke, bai fita ba. Liman ya taɓa kafaɗata ya ce ya isa.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse, Yaya ta kira ni kicin ɗin nan dai. Tana cikin takaba, ta rame. Ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Akwai saƙonka. Wata biyar ke nan."

Na ce, "Na wa?"

"Nasa. Lokacin ruwan nan mai yawa. Yana kallon taga ya ce, ki gaya wa Sarkin Magana ya daina barin ta a mota, danshi zai ci ta. Ya riƙa shafa mata mai."

Na ce, "Haka ya ce? Sarkin Magana?"

"Haka ya ce."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Na san in ka ji za ka kawo masa."

Ita ma mijinta take so ya rayu. Na fita na buɗe bayan mota, na ɗaga taya, na ɗauko safar. Gaskiyarsa ne, tsatsa ta fara kama ta a gefe ɗaya.

Garejin yana yadda ya bar shi. Magagarai a jere. Tabarau a kan tsumma. Bindigar a kwance, harsasan gwajin nan uku a cikin murfin kwalba. Na sami man da yake amfani da shi na goge sakatar har tsatsar ta tafi. Ban taɓa riƙe bindigar nan ba sai ranar, kuma ba shi ya miƙa mini ba. Na yi yadda na ga yana yi. Na zura sakatar. Na danna harsasan uku cikin gidansu. Na tura.

Ta haɗiye. Babu tari, babu cijewa. Na ja baya, ya fito ya faɗi kan tebur. Na tura, na biyu ya hau. Na uku ma haka. Sumul, kamar loma da miyar kuɓewa.

Ya gama aikin. Da yatsa, da hannu mai rawa, ba tare da ya gwada ko sau ɗaya ba. Ban san ranar da ya gama ba. Shi ma bai sani ba, don babu yadda zai sani. Wataƙila ranar Talatar ma gogawa ya shiga yi, a kan abin da ya riga ya gyaru.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Ƙarar ke nan da yake ta faɗa?"

Na ce, "Ita ce."

Ta ce, "Sake yi."

Na tsince su na mayar, na sake yi. Ta rufe fuska da mayafi ta koma ciki.

Na tambayi liman ko saƙon nan yafiya ne. Ya ce Allah ne Ya san zuciyar bawa, in yawaita yi masa addu'a da sadaka. Ina yi. Wata rana in ce ai ya kira ni da sunana, ya yafe. Wata rana in ce ƙarfensa kawai yake ji wa tsatsa. Wanda zai raba mini gardamar yana ƙasa. Ban kuma san ko da na mayar da me zai faru a daji ba. Wataƙila Yaya ce mai gaskiya. Amma ko ba a bar shi ya fita ba, da na kai masa ita gareji na tsaya a kansa minti ɗaya, da ya ji.

Bindigar tana kulle a akwatinta, da sakatarta a jiki. 'Yarsa ce za ta yanke abin da za a yi da ita. Kafin nan, duk Juma'a bayan masallaci ina zuwa in shafa mata mai, tunda abin da ya ce in yi ke nan.

Duk wanda leda ta taɓa isa ƙofarsa daga hannun mutumin nan, ya yi masa addu'a. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa barewar nan da ta tsallake shinge ta yafe masa. Ni kuma Allah Ya haɗa ni da shi inda zan iya buɗe baki in ce, Malam, ni na ɗauka, kuma ta daina tari.